Tawada a Yatsan Mati

Ran Lahadi na shimfiɗa buhuna a karar Mai'adua,
igiyar rama gefe, ta kaba gefe,
ga dabaibayi goma sha biyu da na tufka daren jiya.
Har rana ta take tsaka,
ƙahon bijimi ko ɗaya bai ɓullo daga arewa ba.

Aka ce an ja sarƙa a Kongolam.
Mutanen tsallake na jefa ƙuri'a,
ba ta zaɓen mutum ba, ta takarda:
an rubuta musu sabon kundin mulki,
kowa ya ce I ko ya ce A'a.
Hurera mai tuwo ta rabar da rabin tukunya ga 'yan dako,
ni kuwa ban sayar da ko ta ɗaure akuya ba.

Sai Talata Mati ya zo,
ɗan ƙanwar babana, mai gona can, kabarin kakansa nan.
Ya miƙo hannu mu gaisa,
na ga ɗan yatsansa baƙi ƙirin kamar ya tsoma a karofi.
Na ce, "Lalle ka ƙunsa da tsufanka?"
Ya ce, "Shaida ce. Na dirje da toka, na dirje da kananzir,
har yau ba ta fita ba."

Na ce, "To me ke cikin kundin?"
Ya ɗauki igiyata yana murzawa.
Wai da Faransanci aka buga shi,
wani malamin makaranta ya yi ta juya musu shi a gindin gawo,
ya kai sashe na talatin da wani abu aka kira la'asar.
Bayan salla kowa ya tafi ba dabbobi ruwa,
ba a koma ba.

"Kati biyu suka ba ni," in ji shi,
"na shiga bayan labule ni kaɗai.
Shekarata sittin da ɗaya,
kullum ni ke zaman jiran hukuma a bakin ofis.
Ran nan ita ce a waje tana jira na.
Na daɗe, wallahi, da gangan,
kuma ba wanda ya ce in yi sauri."

"Wanne ka jefa?"
Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito:
"Ko Ta-Allah da ke dama mini fura ba ta sani ba."

Ya ce ba shi ne na fari da ya sa wa yatsa ba.
An sha tufka, an sha warwara,
wani kundin ma bai kai yaye ba aka binne shi.

Ni dai igiya na sani.
Mai saye zai take ta da ƙafa, ya ja da iyakar ƙarfinsa,
ya duba sili-sili kafin ya ciro kuɗi.
San da za a zura wa ita a wuya
ban taɓa ganin an nemi shawararsa ba.

Wata rana Sahabi, ɗana da ke karatu a Katsina,
ya karanto mini layin farko na namu kundin,
wai mu jama'a ne muka taru muka amince.
Na ce, "Wace rana ce?
Ina kasuwa, ko ina huɗa?"
Yaron ya rufe littafi bai amsa ba.

Mati ya zaɓi dabaibayi biyu, ya biya da sefa,
ya kama hanya tun ba a kira magariba ba.

Da dare na zauna tufka a hasken tocila,
ina auna mu biyun:
wanda aka tambaya abin da bai gama ji ba,
da wanda aka ce ya yarda alhali ba a zo ba.
Rama na cin tafin hannuna.
Na juya yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya,
kanta ce kawai da tsohon tabon wuƙa.